Me Ya Raba Tukunyar Masunci da Kifi?

Mashi ta Jihar Katsina gari ne na gero da dawa, ba na teku ba, amma miyar kuka da ta kuɓewa a wannan yanki sun daɗe da sanin ƙamshin busasshen kifi. Wani yakan fito daga madatsun ruwa na kusa, irin su Sabke da Daberam a ƙasar Daura, mafi yawa kuwa banda ce da fatake ke kawowa daga Baga ta bakin Tafkin Chadi da kuma fadamun Hadeja da Nguru. A yau kifin ƙanƙara da na gwangwani ne suka fi yawa a faranti, kuma abin ya kai har gidajen masunta. Masunci kan kai tarwada da karfasa kasuwa, ya koma gida da taliya da ɗanɗano da ɗan mai. Wasu na cewa kwaɗayin zamani ne. Maganar gaskiya ita ce ruwa ne ya ja baya, kasuwa kuma ta ƙwace ɗan abin da ya rage.

Ruwa ba ya tsami banza. Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Hadeja, inda kifi ke hayayyafa, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Daga baya rikicin Boko Haram, musamman harin Baga na Janairun 2015, ya durƙusar da cinikin banda tsawon shekaru. Da kamu ya ragu sai kifi ya yi tsada, mai taru kuma ya ga kifi guda zai saya wa iyalinsa hatsin yini, don haka ya sayar. Ko a gabar teku haka abin yake: a Senegal da Gambiya da Muritaniya masana'antu na niƙe ƙananan kifaye su zama abincin dabbobi da na kifin kiwo a ƙasashen waje, alhali da su talaka ke miya.

Mai musu zai ce kifin ƙanƙara ma kifi ne, kuma ya fi sauƙin samu. Ba a ja da amfaninsa a jiki, sai dai da dala ake shigo da shi, a ɗauko shi daga Legas a motar sanyi, a adana shi da wutar da ba ta tsayawa. Tun da aka janye tallafin fetur aka kuma saki naira a 2023, kowa ya ga yadda farashinsa ya tashi. Wani kuma zai ce kiwon tarwada a kududdufi ya cike giɓin. Ya taimaka, amma abincin kifin na da tsada, shi ya sa yawancinsa ke ƙarewa wajen masu gashi a birane. Asarar ta fi faɗawa kan yara da mata masu ciki, domin ƙananan kifayen da ake daka su da ƙashinsu a zuba a miya suna gina jini da ƙashi, abin da taliya da ɗanɗano ba za su yi ba.

Saboda haka gyara daga ruwa zai fara. Gwamnatin Jihar Katsina ta yashe madatsun da suka cike da yashi, ta riƙa zuba musu irin kifi. Sarakunan ruwa su tsaya kan hana taru mai ƙananan idanu da zuba guba da yin su lokacin da kifi ke ƙwai. Kai kuma masunci, kafin ka kai kamunka kasuwa, ka fara ware na miyar gidanka.