Fiɗiyar Kare Aikin Likita Ne, Jiyya Kuwa Aikin Mai Shi

A ƙasar Karaye da Rogo, can yammacin Jihar Kano wajen iyaka da Katsina da Kaduna, kare ba abin ado ba ne, ma'aikaci ne. Dubi garin Falgore, watau ta ƙasar Rogo, ba dajin nan mai wannan suna da ke wajen Doguwa ba. Mutanen wannan yanki manoma ne, masu masara da dawa da rake, ga noman rani a fadamu da kewayen madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a Karaye cikin 1992. Mai gona nesa da gari, da makiyayi a ruga, da maharbin da ke jiran a kau da amfanin gona ya shiga daji, kowa da karensa. Shari'a ma ta yarda a ajiye kare saboda waɗannan abubuwa uku, farauta da kiwo da tsaron shuka.

To, amma akwai kukan da masu karnuka ke yi kullum. Mutum ya ɗauko kwikwiyo, ya yi ta ɗawainiya da shi da kunu da guntun tuwo, har ya fara zama abin amfani, sai a wayi gari babu shi. Bayan kwana biyu ko uku ya komo a rame, kunne a yage, wuya duk cizo. Wani ma ba ya komowa. Daga nan sai a ce a fiɗiye shi. Shawarar ba ta da laifi, amma inda a ke yin ɓarna shi ne wajen wanda zai yi aikin, da lokacin yinsa, da kuma kwanakin da ke biye.

Abin da ke fitar da kare daga gida

Kare namiji ya kan balaga tsakanin wata 6 da wata 12. Daga nan marainansa su kan riƙa zuba wani sinadari cikin jini, wanda likitoci ke kira testostiron, shi ke sa masa neman mace da jin kai gaban 'yan'uwansa maza. Karya kuwa ta kan shiga neman barbara sau ɗaya ko sau biyu a shekara, ta yi wajen mako 3 a haka, hancin kare kuwa yana jin ta tun daga nesa. In ya ji ta, ba ruwansa da gona, ba ruwansa da garke, sai ya bi ayarin maza, a yi ta faɗa.

Cikin 1976 waɗansu likitocin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya a Amurka suka bi sawun karnuka 42 da aka fiɗiye bayan sun girma. Suka tarar yawon banza ya ragu ga kashi 90 cikin 100 nasu, faɗa da maza kuwa ya ragu ga fiye da rabi. Wannan ita ce babbar riba.

Akwai riba ta biyu. Karnukan da ke yawo sakaka suna ɗaukar wata irin sankara wajen barbara. Ta kan tsiro a al'aura kamar ɗanyen nama, tana ɗigar da jini. Wani likitan dabbobi na Rasha mai suna Nobinski shi ya nuna, cikin 1876, cewa tana tashi daga wannan kare zuwa wancan. Tana da magani, allura ce da a ke yi mako-mako har sau 4 zuwa 6, amma da wuya a same ta a ƙauye. Karen da ya daina bin karya ya yi nesa da wannan cuta.

Amma kada a ɗora wa fiɗiya abin da ba nata ba. Ba ta mai da mafaɗacin kare salihi, in dai faɗan nasa na tsoro ne ko na mugun horo. Ba ta hana shi haushi in baƙo ya taɓa ƙofa da dare, ba ta kuma toshe masa hanci a daji, gama tsaro da farauta daga jini da koyo su ke. Sa'an nan fiɗiye kare ɗaya ba ya rage kwikwiyoyin gari, don namiji guda da ya saura ya ishi karyoyi da yawa.

Game da hukunci, malaman fiƙihu sun yarda da fiɗiyar dabbar da a ke ci, kamar rago da bunsuru. A kan wadda ba a ci sun yi saɓani, mai waswasi sai ya tambayi malaminsa. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne haramcin azabtar da dabba.

Aska da dandaƙa ba na kare ba ne

Mutanenmu sun gwanance da dandaƙar sa da mai da bunsuru taure, har ma'aikatan dabbobi suna da ƙarfen nan mai suna Burdizzo na matse jijiya, da zoben roba na ƙananan raguna. Saboda haka wani sai ya ga ai kare ma haka ne, ya sa a danne shi, a sa aska ko reza, ko a ɗaure masa roba. Wannan kuskure ne babba. Marainan sa da na rago a rataye su ke, suna da dogon wuya inda ƙarfe ko roba ke kamawa. Na kare a manne su ke da jiki. Roba ba ta tsinke su da tsabta, sai dai wurin ya kumbura ya ruɓe, kare ya yi ta cizon kansa don azaba. In kuwa aska ce, jijiyar jinin da aka yanke ba a ɗaure ba ta kan zame ta koma ciki, jini ya yi ta zuba inda ido ba ya gani, a wayi gari kare ya mutu, a ce ajali.

Ga yadda likita ke yi. Ya kan yi wa kare allurar barci da ta kashe zafi, ya aske wurin ya wanke da magani. Ya tsaga fata kaɗan a gaban jakar maraina, ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure jijiyoyin da zare tam kafin ya yanke, sa'an nan ya ɗinke. Galibi aikin ba ya wuce rabin sa'a. Mai kare ya fara tuntuɓar ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarsa, a gaya masa inda likita ya ke. A Kano akwai asibitin dabbobi na Gwale, a Zariya kuwa akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka buɗe sashen likitancin dabbobi cikin 1964.

Lokaci da shiri

Ba a gaggawa. Sinadarin nan na maraina yana da hannu wajen tsai da girman ƙashi, saboda haka in an cire su da wuri ainun, ƙasusuwan ƙafa su kan zarce tsawo, manyan karnuka kuma su kan sami ciwon gaɓoɓi daga baya. Shawarar da ƙungiyar asibitocin dabbobi ta Amurka ta bayar cikin 2019 ita ce, karen da nauyinsa ba zai wuce kilo 20 ba in ya girma, a yi masa yana da wata 6, wanda zai wuce haka kuwa a jira girmansa ya tsaya, tsakanin wata 9 da wata 15. Mai karen farauta, wanda ƙafa ce jarinsa, ya fi kowa bukatar wannan haƙuri.

A kuma duba a ga marainan duka biyu sun sauko. In kare ya kai wata 6 ɗaya bai sauko ba, to, ya maƙale a ciki ke nan, kuma irin wannan ya fi saurin zama sankara. Sai likita ya neme shi ya fitar.

A wannan ƙasa tamu lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da sanyi ya shigo ƙuda ya ragu. Damina ƙuda ya yi yawa, bazara zafi ya yi yawa. Maharbi ya lissafa yadda karensa zai sami wata guda cur yana hutawa kafin a fara fita, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Mako 2 kafin ranar a ba shi maganin tsutsar ciki, a raba shi da kaska. Kaska tana sa wa kare cututtukan da ke shanye jini, su kuma hana shi daskarewa. A ɗaga leɓensa a dubi dasashi: in ja ne mai haske, madalla, in ya yi fari, a yi magani tukuna. Daren aiki a ba shi abinci da magariba, daga nan sai ruwa kaɗai, don kare mai cikakken ciki ya kan yi amai cikin barcin allura ya shaƙe.

Kwana 14 na jiyya

Likita ya gama nasa cikin rabin sa'a, saura na mai kare, nan kuwa a ke samu ko a rasa.

Ranar farko zai komo yana tangaɗi kamar mai maye. A kwantar da shi a ɗaki ko rumfa mai tsabta, a kan buhu ko tsohuwar tabarma, a lulluɓe shi in ana hunturu, don allurar barci tana sanyaya jiki. A hana yara damunsa, gama kare mai jin ciwo ya kan ciji ko wanda ya sani. In ya wartsake a ba shi ruwa kaɗan, da dare a ba shi rabin abin da ya saba ci.

Babban abokin gabar ɗinki harshen karen ne. Maganar da a ke yi wai yawun kare magani ne, ba ta da tushe a nan. Lasa ce ke jiƙa ɗinki, haƙori kuma ya tsinke zare cikin dare ɗaya. Maganin wannan shi ne a sa masa wani abu kamar mazurari a wuya, wanda zai hana bakinsa kaiwa baya. Ana sayar da shi, amma ƙaramin bokitin roba da aka yanke gindinsa, aka naɗe bakin yankan da tsumma, aka ɗaura a abin wuyansa, ya wadatar. Zai ci ya sha da shi. Zai yi ta ƙoƙarin tuɓewa kwana ɗaya ko biyu, kada tausayi ya sa a cire.

Na biyu ƙuda ne. Wani ƙuda ya kan yi ƙwai a bakin rauni, tsutsa ta fito ta shiga cin nama. Wani kuma a rairayin inuwa mai fitsari ya ke yin nasa, tsutsar ta huda fatar dabbar da ta kwanta a kai. Don haka a share makwancinsa kullum, a shanya buhunsa a rana, a shafa maganin ƙuda da likita ya bayar a kewayen ɗinkin.

Na uku gudu da tsalle. A tsare shi a gida, a riƙa fita da shi da igiya safe da yamma ya yi bayan gida. Ba wanka, ba shiga rafi ko fadama. Kada a shafa toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko garin batir. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, don suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa. Ko farasitamol kada a bayar sai da izinin likita.

A dubi wurin safe da yamma. Ɗan kumburi da ɗan ja cikin kwanakin farko ba kome ba ne. Amma in jini na ɗiga bai tsaya ba, ko jakar ta kumbura ta yi tauri tana ƙaruwa, ko mugunya da wari sun fito, ko ɗinki ya buɗe, ko dasashi ya yi fari, ko kare ya ƙi abinci fiye da kwana guda, to, a koma wurin likita a ranar, kada a ce sai ran kasuwa. In zaren na cirewa ne, a kan cire shi tsakanin kwana 10 da kwana 14.

Saura abu biyu. Fiɗiyayyen kare yana iya yi wa karya ciki har wajen mako 6 bayan aiki, don akwai sauran iri a hanya. Kuma bukatarsa ta abinci ta kan ragu da misalin kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙibar da a ke zargin fiɗiya da ita, har a ce ta kashe wa kare zuciya, yawancinta daga akushi ta ke fitowa.

Fiɗiya ba rigakafi ba ce

Karen da ya daina yawo ya rage gamuwa da mahaukacin kare, amma mahaukacin kare na iya iske shi har gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa kowace shekara da ciwon haukan kare, kusan duka a Afirka da Asiya, wajen kashi 40 cikin 100 nasu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana ga mutum, sai dai addu'a. Alhali tun 1885 Luwi Fasto na Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allura, kuma ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa cikin 1924, ta fara yin allurar karnuka tun 1956. Ana yi wa kwikwiyo yana da wata 3, a riƙa maimaitawa shekara-shekara. Wanda ya kai karensa fiɗiya bai yi masa wannan ba, ya nemi a yi masa, ya karɓi takardar shaida ya adana.

A nan ne aikin malaman makaranta da akawunan hukuma ya ke. Malami ya koya wa yara cewa wanda kare ya ciza ko ya yakushe, ya faɗa nan da nan, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Akawu ya taimaki dagaci da masu unguwa su san yawan karnukan garinsu, gama masana sun ce in an yi wa kashi 70 cikin 100 allura, cutar ta kan rasa hanya. In masu karnuka na Falgore da ƙauyukan kewaye suka haɗa kai suka tsai da rana ɗaya, kiran likita ya zo ya fi sauƙi da arha bisa ga kowa ya ɗauki nasa zuwa birni.

Kada a ce abin ya fi ƙarfinmu. Bushiya ta taɓa share garkunan ƙasar nan, amma malaman dabbobi na zamanin En'e da waɗanda suka biyo bayansu suka yi ta bin ruga-ruga da allura, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya cikin 2011. Yanzu hukumomin duniya sun sa 2030 ta zama shekarar da ba wanda zai sāke mutuwa ta cizon kare. Rabon Falgore cikin wannan aiki yana hannun mai kare da malami da akawu. Allah ya sa a dace, amin.