Bayan an sauke yara daga mota, wa ke bin sawunsu?

A watan Oktoba na shekarar 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 cikin hamada, arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Motocin da suka ɗauko su ne suka mutu, ƙishirwa ta gama da su. Cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga yankin Kance na jahar Damagaram suka taso. Ƙasa ta yi makoki na kwana 3. Daga watan Disamba na 2014 Aljeriya ta soma maido ƴan Nijar ayari-ayari zuwa Agadas. A watan Maris na 2022 kuma, gwamnati ta aika jirage birnin Dakar suka kwaso mabarata wajen dubu, da yawansu mata da ƙananan yara.

Ranar da irin wannan ayari ya sauka, magabata sukan yi jawabi, rediyo ta ɗauka, a raba tabarmi da cimaka. Kashegari taro ya watse. Wanda ke saura tare da yaran shi ne ma'aikacin kyautata jin daɗin jama'a, wanda a biro-biro ake kira asistan sosiyal. Shi ko ita, domin mata suna da yawa cikin wannan sana'a, aikinsu daga nan yake farawa.

Abu na farko shi ne sanin ko wane ne yaron. Ba ƙaramin aiki ba ne. Yaro mai shekara 6 bai san sunan gundumarsu ba, sau da yawa ba shi da takardar haihuwa, kuma matar da ke riƙe da hannunsa ba lalle ba ne ita ta haife shi, don akwai iyayen da ke ba da ɗiyansu aro bisa alkawarin a raba abin da aka samo. Sai ma'aikaciya ta keɓe da yaron, ta saurare shi cikin harshensa ba tare da tsawa ba. Daga sunan kasuwar da ke ci kusa da su, ko sunan maigari, ko na malamin allo, take gano ƙauyen. Ta buɗe masa dosiye, ta kai shi likita in da ciwo, sannan ta nemi danginsa ta hannun hakimai da sarakunan gargajiya.

Samun dangi bai nufin a miƙa yaro nan take. Wajibi ne a je gidan a gani. Wa ke ciyarwa? Hatsin rumbu zai kai wane wata? Wa ya yarda aka tafi da yaron tun farko? In gida ya dace, a maida shi gaban shaidu. In akwai haɗari, ma'aikaciya ta rubuta rahoto zuwa ga alƙalin yara, wanda ke da ikon damƙa yaron ga wani dangi ko wani gidan riƙo. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, ta kafa kotunan yara a 1999, ta sabunta dokarsu a 2014, ta kuma yi dokar hana fataucin mutane a 2010. Amma alƙali yana cikin birni, ba ya shiga ɗakin kowa. Idonsa da kunnensa shi ne rahoton asistan sosiyal, kuma in rahoton ya gurgunce, hukunci ma ya gurgunce.

Mafi wuyar aikin shi ne abin da ke biyo baya. Dalilin da ya fidda yaro daga gida yana nan yana jiran sa. A Kance jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke saboda rabon gado, abin da aka noma bai kai wata damina. Nauyin cimaka da na biki da kayan ɗakin ɗiya ya faɗa kan mata, ga kuma maƙwabciya da ta dawo daga Arewa ta sayi awaki. Muddin ba a taɓa wannan ba, yaron da aka maido yau zai sake hawa mota bayan girbi. Shi ya sa taimakon yaro ba ya rabuwa da taimakon uwarsa: a sa shi makaranta, a samo masa takardar haihuwa, a haɗa uwar da asusun mata ko wani furoje mai ba da jari, a zauna da mai gida a tuna masa nauyin da addini da al'ada suka ɗora masa. Sannan a komo bayan wata guda, a sake komowa, a duba ko yaron yana aji.

A nan ne ƙarfi ke gazawa. Ma'aikatan kaɗan ne, kuma galibinsu suna manyan garuruwa. Ziyarar gida tana son moto da isanshi, abin da sau da yawa sai furoje ya kawo, in furoje ya ƙare ziyara ta tsaya. Komitocin kare yara da aka girka cikin ƙauyuka, masu haɗa maigari da liman da mata da malaman makaranta, suna rage nisa, amma su ma suna bukatar ƙwararre da zai karɓi abin da ya fi ƙarfinsu.

Lamarin bai tsaya ga Kance ba. Yarinyar da ke wanke-wanke gidan ma'aikacin gwamnati a Yamai, da yaron da ke dako a kasuwar Maraɗi ko tashar Tawa, kowanensu daga wani gida ya fito, alhali dokar aiki ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Ɗan kasuwa da direba da shugaban tasha su ne ke fara ganin mace ɗaya da yara biyar da ba su kama da juna. Sanar da ofishin kare yara ko jandarma ba tsegumi ba ne. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Asistan sosiyal shi ne wanda hukuma ta ɗora wa cika wannan magana, kuma ba zai iya ba sai an ba shi abin hawa, an buɗe masa ƙofar gida, an faɗa masa gaskiya.