Inuwa a Fuskar Kwamfuta: Laifin Waya ne ko na Ido?

Wani yammaci cikin hunturun bara, wata ɗalibata ta same ni a ofis da ƙorafin cewa kwamfutar ɗakin gwaje-gwajenmu ta lalace. Ta ce kowane harafi yana fitowa da ɗan'uwansa a gefe, dishi-dishi kamar inuwa. Muka tafi tare, na zauna gaban allon, na ga rubutu tangaran. Ita kuwa ta dage biyu-biyu take gani. Da mai gyara ta kira, da ya kwance na'urar a banza.

Mai karatu, kafin harafi ya zama abin da ka karanta, sai ya bi ta waya, ya bayyana a allo, ya ratsa ido, sannan ƙwaƙwalwa ta fassara shi. A kowane zango ana iya samun inuwa. Batun ba ƙarami ba ne, domin tun shekarar 2015 a kan kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma ɗalibin da 3 ke rikiɗe masa ta koma 8 ya fara asara tun kafin ya fara lissafi.

Mafi yawan lokuta waya ce mai laifi, musamman mai shuɗin kan nan mai allurai 15 da ake kira VGA. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, amma har yau ana cin karo da ita a ɗakunan kwamfuta na makarantunmu. Ita wannan waya tana ɗauke da hoto ne a matsayin lantarki mai hawa da sauka. Idan ta cika tsawo, ko ta zama jabu, ko an yi mata haɗi a tsakiya, sai wani ɓangare na saƙon ya bugi ƙarshenta ya koma baya, sannan ya sake dawowa a makare, daidai da yadda murya ke amsa-kuwwa a gindin dutse. Da yake daga hagu zuwa dama ake aiko kowane layi na hoton, saƙon da ya makara a daman harafin yake sauka. Dattawan malamai za su tuna irin wannan a talabijin mai eriya, inda mai karanta labarai kan fito da tagwaininsa a kafaɗa.

Gwajin mai sauƙi ne. A danna maɓallin da ke jikin allon don ya nuna jerin saitinsa. Wannan rubutu ba ta waya yake zuwa ba. In ya fito garau alhali sauran hoton na da inuwa, allon lafiya lau yake. Sai a ɗaure kusoshin wayar guda biyu, a duba ko wata allura ta lanƙwashe, a gwada gajeriyar waya mai kauri. Inda akwai kafar HDMI a koma gare ta, domin ita lambobi take aikawa, kuma amsa-kuwwa ba ta zama inuwa a cikinta.

Akwai kuma inuwar da ba ta bayyana sai abu ya motsa, kamar jelar da ke bin kibiyar linzami. Wannan ta allo ce. Allon LCD na gama-gari yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya, kuma ƙwayoyin da ke buɗe wa haske hanya a cikinsa sai sun juya kafin launi ya canja. In suka yi nawa, sabon hoto ya iske tsohon bai gama tafiya ba. Sanyi na ƙara musu nawa. Wasu alluna na da saitin da aka rubuta wa Overdrive don hanzarta su, sai dai in aka ƙure shi, farar inuwa ce za ta maye gurbin baƙa.

To, idan wani ya duba bai ga komai ba fa? A nan ne mu malaman nazarin halittu muke da ta cewa. Mai ƙorafin ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, sannan ya rufe ɗayan. Idan inuwar ta ɓace ko wanne ya rufe, idanun biyu ne suka daina kallon wuri guda. Kowace ƙwayar ido tsokoki 6 ne ke juya ta, jijiyoyi 3 daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni, kuma da ɗaya ta raunana sai ƙwaƙwalwa ta kasa haɗa hotunan biyu. Gajiya kan haifar da hakan na ɗan lokaci. Amma in abin ya zo farat ɗaya, balle da ciwon kai mai tsanani, ko saukar fatar ido, ko nauyin harshe, a tafi asibiti a ranar. Ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki duk suna iya sallama ta wannan ƙofa, kuma ina jin takaicin yadda mukan bar irin wannan alama ta kwana muna cewa rashin barci ne.

Idan kuwa inuwar na nan ko da ido ɗaya ke buɗe, matsalar a cikin wannan idon take. Wani lokaci bushewa ce kawai: mai kallon allo yana rage ƙiftawa, iskar hunturu kuma ta shanye siririn hawayen da ke lulluɓe da ido, sai hasken ya tarwatse. 'Yan ƙifce-ƙifce kan gyara wannan nan take. A tsofaffi, yanar ido na iya zama sanadi. A matasa an fi samun cewa garai-garan bawon da ke gaban baƙin ido bai yi zagaye sosai kamar ƙwallo ba, ya fi kama da bayan cokali, don haka ba ya tara haske a ɗigo ɗaya.

Wannan na ƙarshe shi ne ya sami ɗalibata. Na huda kwali da allura na ce ta leƙa allon ta hudar da idonta na hagu, wanda shi ke ganin inuwar. Ƙaramar huda tana barin siririn haske ne kawai ya shiga, ta yadda karkacewar bawon ba ta samun abin tarwatsawa. Ta leƙa, ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai ta tafi!" Bayan mako biyu likitan ido ya rubuta mata tabarau. Ta shaida mini cewa tun tana aji uku na sakandare take ganin rubutun alli haka, tana zaton kowa ma haka yake gani.