Me Ya Sa Wani Fom ɗin Intanet Ke Ƙin Karɓar "Jema'a"?

Duk wanda ya taɓa cike fom na neman makaranta ko aiki a shagon kwamfuta a Kafanchan ya san jan rubutun nan da ke fitowa a ƙasan akwati: lamba ba ta cika ba, ko suna ba daidai ba. Tantancewa ke nan, kuma a wuri biyu ake yin ta.

Ta farko a cikin wayarka ko kwamfutar shagon take faruwa. Lambar NIN guda 11 ce, haka BVN da lambar waya, ta asusun banki kuma 10. Ka rubuta 10 inda ake son 11, burauza ta tsayar da kai nan take, ba a taɓa maka data ba. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga ɗalibin da ya biya kuɗin mota daga Gidan Waya ko Kagoro. Yankin ya daɗe da sanin tsadar intanet: gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, sai da ta riƙa janyo shi ta tauraron ɗan'adam tana rarrabawa ta hanyar ZittNet daga Bayan Loco. Sai dai wannan tantancewa ba tsaro ba ce. Mai mugun nufi zai kashe JavaScript ɗin da burauza ke tantancewa da shi ya tura abin da ya ga dama, sannan burauza irin Opera Mini ba kowane umarni take bi ba.

Ta biyu a sabar ake yi, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai. Tana da jinkiri, don sai bayaninka ya je ya dawo, in sabis ya ɗauke a tsakani wani lokaci sai ka sake daga farko. Amma ita ce ba a iya kewaye ta.

A nan maganar kuɗi ke shigowa. Ƙaramar makaranta ko ƙungiyar adashi ba ta da ƙarfin sabar tata, sai ta kama wuri mai araha inda shafuka da yawa ke cunkushe a na'ura ɗaya. Kamar ɗakin haya ne: ba ka da ikon fasa bango. Galibi PHP da MySQL za ka tarar, wani sa'in ma tsohon zubi, kuma ba a barin ka girka abin da kake so. Sai mai haɗa shafin ya bi gajeriyar hanya. Ko ya jibga wa burauza aikin duka, ko ya kafa doka mai tsauri cewa daga A zuwa Z kawai za a karɓa.

Dokar nan ce ke korar Jema'a, da Sa'adatu, da Mu'azu, da ƙ da ɗ, har da haruffan Tyap masu layi a ƙasa. Tsoron mai haɗa shafin na da tushe: ɗigon saman nan da ke cikin Jema'a shi ne alamar rufe magana a harshen SQL, kuma da shi masu kutse ke cusa umarni cikin rumbun bayanai. Amma a ganina hana shi lalaci ne, ba laifin wurin haya ba. Tun 2005 PHP ke zuwa da PDO, wanda ke raba umarni da bayanin da mutum ya rubuta, tsarin rubutu na UTF-8 kuma na ɗaukar haruffan duka. Babu wanda ke buƙatar ƙarin kobo a cikinsu.

Kai mai cikewa, kada ka ɗauka fom ya karɓa yana nufin komai daidai. Yawancinsu ƙirga lambobi kawai suke yi. NIN ɗin da ka juya lamba biyu a cikinsa zai wuce lafiya lau, sai fa in an haɗa shafin da rumbun hukumar NIMC. Don haka kafin yaron shago ya danna turawa, ka sa ya karanto maka lambobin ɗaya bayan ɗaya kana riƙe da takardarka.