Ƙungiyoyin Ɗalibai a Ƙasar Haɗeja: Me Ya Kamata Uba Ya Faɗa wa Ɗansa?

A ƙasar Haɗeja, kuɗin makarantar yaro yawanci daga fadama suke fitowa. Manomi a Auyo ko Guri yakan sayar da buhunan shinkafa, masunci ya tara abin da ya samu a kasuwar kifi, uwa ta kawo kwasar adashenta ko ta sayar da tunkiya, sannan a harhaɗa a tura yaro ko yarinya babbar makaranta. Ranar tafiya kuwa, bayan an yi addu'a, akwai huɗubar da ɗalibai da yawa suka haddace: karatu aka aike ka, ka riƙe salla, kada kuma in ji ka shiga wata ƙungiya.

Tsoron da ke cikin wannan magana yana da dalili. Iyaye sun ji labarin ƙungiyoyin asiri a wasu jami'o'in ƙasar nan, sun ga yaran da siyasar makaranta ta cinye musu karatu, sun kuma ga waɗanda suka dawo hutu suna kafirta mahaifansu. Sai dai kashi na uku na huɗubar yana da wuyar cikawa. Ɗalibin da ya sauka a Foliteknik ta Binyaminu Usman da ke cikin garin Haɗeja, ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, ba ya cika mako guda sai ya sami kansa cikin wani rukuni: na 'yan ajinsu, na 'yan garinsu, na sashen da yake karatu, ko na masallaci. Tunda haka ne, tambayar da ta fi amfani ita ce wace ƙungiya zai shiga, kuma bisa wane sharaɗi.

Shari'a ba ta bar wannan batu a buɗe ba. Aya ta biyu ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da taimakon juna a kan aikin alheri da tsoron Allah, ta kuma hana taimakon juna a kan saɓo da zalunci. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari, Annabi (SAW) ya kwatanta abokin zama na kirki da mai sayar da turare, mugun abokin zama kuma da mai zuga wutar maƙera. Ma'aunin ke nan da za a ɗora kowace ƙungiya a kai, har da wadda sunanta na addini ne.

Inda aka faro

Ƙungiyar da ɗalibi Musulmi zai fara cin karo da ita, ita ce Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wato MSSN. An kafa ta a Legas a shekarar 1954, lokacin da mafi yawan makarantun boko na Kudu suke hannun mishan, 'ya'yan Musulmi kuma suna fuskantar matsin lamba a kan sallarsu, har ma da sunayensu. Shugabanta na farko shi ne marigayi Dakta Abdullateef Adegbite, wanda daga baya ya zama Babban Sakataren Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci ta Najeriya. Daga nan ta bazu zuwa Arewa, ta yi ƙarfi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, har ta kai a yau da wuya a sami babbar makaranta a Arewa da ba ta da reshenta, da Amir a ɓangaren maza da Amira a ɓangaren mata.

Ayyukanta na yau da kullum sanannu ne ga duk wanda ya zauna a makaranta. Akwai tarbar sababbin ɗalibai da nuna musu hanyar rajista, akwai kula da masallaci da karatun littattafai tsakanin Magariba da Isha'i, akwai tafsiri da buɗe-baki a watan Ramalana, da ziyarar asibiti da gidan gyaran hali, da kwas ɗin hutu da ake kira IVC, wanda aka saba yi a watan Disamba. Amma abin da ya fi taɓa buhun shinkafar da uba ya sayar shi ne bita, wato darasin da ɗaliban manyan azuzuwa suke yi wa na ƙasa da su kyauta kafin jarrabawa.

Muhimmancin bita yana bayyana ne ga wanda ya san yadda ake lissafin sakamako. Makin da ɗalibi ya samu a zangon farko yana bin sa har ranar da zai fita, domin ana tara makin dukan zanguna ne a fitar da matsakaici. A jami'a, sai wanda ya kai 4.50 cikin 5.00 yake samun daraja ta ɗaya. Yaron da ya fito daga sakandaren ƙauye, Turancinsa bai zauna ba, bai kuma taɓa zama a ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane ba, yana iya yin asarar shekarar farko tun bai gane abin da ake ciki ba. Wani ɗan uwa da zai zauna da shi bayan La'asar ya warware masa lissafi ko kimiyyar sinadarai da Hausa, ya yi masa abin da huɗuba ba za ta yi ba.

Ga 'yan mata ma akwai abin koyi tun daga tarihi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji suke ɗauko ilimi daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Halƙar mata a makaranta, idan ta tsaya a kan karantar da juna da kare mutuncin juna, jikar wannan tsari ce. Yarinyar da wani ya matsa wa lamba don maki tana bukatar 'yan uwa da za su raka ta ofishin kula da harkokin ɗalibai, ba ta haɗiye abin ita kaɗai ba.

Aikin da kogi ya ajiye musu

Ɗaliban ƙasar Haɗeja suna da wani aiki a ƙofar gida. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda yake bazuwa a fadamun Haɗeja da Nguru kafin ruwansa ya nufi Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin tafiyar ruwan ya sauya, ciyawar kacala ta cika hanyoyinsa, ta toshe su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Idan damina ta yi ƙarfi a watannin Agusta da Satumba, ruwan da ya rasa hanya sai ya faɗa gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, lokacin da matasan gari suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga.

Ambaliya tana bin ɗalibi har cikin aji. Gonar da ta nutse ita ce kuɗin rajistar zango mai zuwa. A nan ne ake gane ƙungiyar da ta san aikinta. Asusun taimakon juna na masallaci ko na 'yan aji yana iya cike wa ɗalibi giɓin da zai sa ya ajiye karatu. Tun daga 2024 kuma akwai asusun lamunin karatu na Gwamnatin Tarayya, NELFUND, wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, amma sai an cike shi ta intanet, kuma ba kowane ɗan ƙauye ne zai iya shi kaɗai ba. Zama da irin wannan ɗalibi a cike masa takardu sadaka ce.

Haka nan ƙungiyoyin sassa. Ɗaliban aikin gona suna iya fita Auyo, inda aikin noman rani na kwarin Haɗeja yake, su ga da idonsu abin da suke karantawa, su kuma ji daga bakin manoma. Masu karatun kimiyyar halittu da lafiya suna iya shiga makarantun allo da na firamare su bayyana wa yara yadda ake kamuwa da tsargiya ta hanyar wanka a ruwan da yake kwance, da yadda ake tsare ruwan sha daga kwalara bayan ambaliya. Dajin tsuntsaye na Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, inda tsuntsaye suke zuwa daga Turai lokacin hunturu, aji ne guda ga mai son koyo.

Wuraren da ƙafa take zamewa

Duk da haka, tsoron iyaye yana nan, kuma akwai wurare huɗu da ya kamata a sa wa ido. Na farko lokaci. Makarantu da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin a zauna jarrabawa. Amir ɗin da yake barin aji don shirya taro, har ya faɗi darasi ya maimaita, ya ci amanar mahaifinsa, ya kuma ba masu sukar ƙungiya hujja.

Na biyu kuɗi. Wakilin aji yana karɓar kuɗin buga takardu, ma'aji yana riƙe da na masallaci. Nan ne ɗalibi yake fara koyon riƙon amana ko cin ta, kuma wanda ya saba da rubuta kowace naira ya karanta wa jama'a, shi ne zai iya riƙe baitulmalin ƙaramar hukuma gobe.

Na uku bukukuwa. Ranar al'adu da liyafar kammala karatu ba laifi ba ne a kan kansu. Abin da yake ɓata su shi ne cakuɗuwar maza da mata da raye-raye, da rubuce-rubuce a jikin riguna, da tilasta wa talaka anko da bai da halinsa. 'Yan aji suna iya yin walima da rana, da sanin hukumar makaranta, a tashi kafin Magariba.

Na huɗu, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne saɓani. Masallacin makaranta ɗaya ne, amma masu salla a cikinsa sun fito daga gidajen Tijjaniyya da Ƙadiriyya da Izala. Idan shugabanni suka mai da mumbari wurin gugar zana, rabin jama'a za su watse. Akwai kuma ɗalibai Kiristoci da ake zaune da su a aji ɗaya. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 a cikin Kwalejin Ilimi ya faro, tsakanin ɗalibai, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Duk maganar da ta taɓa addini, a kai ta ga hukumar makaranta da malamai, kada ɗalibai su ɗauki hukunci a hannunsu.

Saboda haka, maimakon hani kai tsaye, uba yana iya yi wa ɗansa 'yan tambayoyi idan ya zo hutu. Shin ƙungiyar tana da rajista a ofishin harkokin ɗalibai? Wane malami ne ubanta? A fili take taronta ko a ɓoye, kuma ana yin rantsuwar sirri kafin shiga? Sannan ya ce a nuna masa sakamakon zangon da ya wuce. Idan maki yana hawa, salla tana nan, ladabi ga iyaye ya ƙaru, to yaron yana zaune da mai turare. Idan kuwa akasin haka aka gani, sai a yi gyara tun icen yana ɗanye.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani da abokan zama na gari, Ya kuma tsare ƙasar Haɗeja daga ambaliya.