Masana'antu a Ƙananan Tsibirai: Yadda Mauritius Ta Tashi Daga Rake Zuwa Masaƙa

Ƙasar da ruwa ya kewaye, mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya ko biyu ba, tana fuskantar matsala tun kafin ta kafa masana'anta ta farko. Kasuwar cikin gida ba za ta iya shanye abin da babban kamfani zai sarrafa ba. Injuna da man fetur da ɗanyen kaya duk sai jirgin ruwa ya kawo su, kayan da aka gama kuma sai an sake biyan kuɗin dakonsu zuwa wata nahiya. Ga kuma guguwar teku da kan rushe aikin shekara cikin dare ɗaya. Saboda haka yawancin irin waɗannan ƙasashe sukan rataya a kan abu ɗaya ko biyu: yawon buɗe ido, kifi, rake, ko wani ma'adini.

Inda Allah ya ajiye albarkatun ƙasa, masana'antar takan bi su. Trinidad da Tobago ta dogara da iskar gas, tana sarrafa sinadarin amoniya na takin zamani da kuma metanol a yankin Point Lisas. Bahrain ta fara narka alminiyam a 1971 da taimakon gas mai araha. A Seychelles, kifin tuna na gwangwani shi ne kan gaba a kayan da ake fitarwa. Nauru kuwa, tsibiri mai faɗin murabba'in kilomita 21 kacal, ta haƙe sinadarin fosfat ta sayar har ya kusa ƙarewa, aka bar mata ƙasar da ba ta nomuwa da asusun da aka ɓarnatar.

Mauritius, wadda ke Tekun Indiya gabas da Madagaska, ba ta da gas, ba ta da ma'adini. Lokacin da ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a 1968, sukari ne ya ɗauki fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da take fitarwa. Tun a 1961 masanin tattalin arziki James Meade, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel, ya nuna fargabar cewa yawan haihuwa da dogaro da rake kaɗai za su jefa tsibirin cikin talauci.

A 1970 gwamnati ta yi dokar da ta ba kamfanonin da ke sarrafa kaya don fitarwa waje damar shigo da injuna da zare ba tare da kuɗin fito ba, ta kuma ɗaga musu haraji na wasu shekaru. Sai abubuwa biyu daga waje suka zo daidai da wannan shiri. Yarjejeniyar Lome ta 1975 ta buɗe wa kayan ƙasar kasuwar Turai, ta kuma tabbatar wa sukarinta farashin da galibi ya ɗara na kasuwar duniya. A lokaci guda, ƙasashen Yamma sun ƙayyade yawan tufafin da za su karɓa daga masaƙun Asiya. 'Yan kasuwar Hong Kong da ƙayyadewar ta matse sai suka kwaso jarinsu zuwa Mauritius, masu gonakin rake na gida su ma suka zuba ribar sukari a ɗinki. A shekarun 1980 tsibirin da ba ya kiwon tumakin ulu ya shiga sahun manyan masu fitar da rigunan sanyi na ulu a duniya. Dubban mata suka bar gida da gona suka zauna gaban keken ɗinki, rashin aikin yi ya ragu ƙwarai. Babban abin yabo shi ne ribar sukarin ba ta tafi a shagali ba, an mayar da ita jari.

Rancen gata dai ba ya dawwama. A farkon 2005 aka soke ƙayyade tufafin Asiya, kayan Sin da Bangladesh masu arha suka cika kasuwa. Tarayyar Turai ta rage farashin sukari da kashi 36 cikin ɗari tsakanin 2006 da 2009. Masaƙu da dama suka rufe, wasu suka koma Madagaska inda albashi ya fi sauƙi.

Waɗanda suka tsira sun koma ga tufafi masu tsada da sarrafa zare da rini a gida, kuma a yau ma'aikata daga Bangladesh da Indiya da Madagaska ne ke riƙe da kaso mai yawa na kekunan. An haɗe injunan rake suka zama 'yan ƙalilan manya, suna tace sukari na musamman, suna kuma ƙona tuƙar raken don samar da lantarki. A Port Louis, babban birnin ƙasar, ana cika tuna a gwangwani zuwa Turai. Duk da haka rabon masana'antu a tattalin arzikin ƙasar ya ragu, harkar banki da yawon buɗe ido da sadarwa suka karɓi babban kaso.