Sunan Wa Ke Kan Takardar Shafinka?

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya tilasta wa mai shayi da mai tumatir karɓar taransifa, wata magana ta zauna a bakin 'yan kasuwa har a Rano da Kibiya: wai duk sana'ar da ba ta hau intanet ba, kwananta ya ƙare. A ƙarshen shekarar kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, mai burin koya wa mutum miliyan 3 sana'o'in kwamfuta, samari masu rataye da jakar laftof suka ƙaru. Yanzu majalisa ta rabu biyu. Wasu na cewa a yi shafin intanet ko a makara. Wasu na cewa damfara ce tsagwaronta, ai wane mai injin casar shinkafa ya biya kuɗi masu kauri, shekara na zagayowa shafin ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba.

Shafin ya ɓace ɗin, wannan ba ƙarya ba ne. Amma galibi ba sata aka yi ba, kuɗin haya ne ya ƙare ba a sabunta ba. Nan ne kuskuren fahimtar da ke ci min tuwo a ƙwarya: mutanenmu sun ɗauka shafin intanet kaya ne da ake saye sau ɗaya a ajiye. Abubuwa uku ne a cikinsa, kuma biyu daga ciki haya ce. Akwai adireshin shafin, wanda masu sana'ar ke kira domen; ana biyan kuɗinsa shekara-shekara. Akwai ma'ajiyar da shafin ke zaune a kanta, wata babbar kwamfuta ce a Legas ko Turai ko Amurka da ba a kashe ta dare da rana. Ita ma haya ce. Na ukun kaɗai, wato aikin tsara shafin, shi ne ake biya a gama.

A ce ka sami fili a bakin kasuwa, ka kira magini ya yi maka shago. Ka ba shi kuɗin komai a dunƙule, har da na takarda. Shi kuwa don gaggawa ya je ya rubuta sunansa a takardar filin, ya ba da lambar wayarsa, ya riƙe mukulli ɗaya tilo a aljihunsa. Shago ya yi kyau, ka zuba kaya, ka buga adireshin a kan buhunanka da allon ƙofa. Ranar da wa'adin haya ya cika, wa mai fili zai nema? Magini. Idan magini ya canja layi, ko ya sami aiki a Abuja, ko kun yi saɓani a kan cikon kuɗi, to shagonka ne a baki, nasa ne a takarda. Babu mai hankalin da zai yarda da haka a kan fili, amma kullum ana yarda da shi a kan shafi, don kawai takardar ba ta hannu ba ce.

Ga yadda abin ke faruwa. Kamfanin da aka yi rajistar adireshin a wurinsa yakan aika gargaɗi ta imel tun wa'adi bai cika ba, da Turanci, ya sake aikawa. Saƙonnin na faɗawa akwatin yaron da ya yi aikin, ba na Alhaji mai kasuwar ba. Ranar da ta cika, mai neman farashin buhu ya buɗe shafin ya tarar da fari fat, ko tallan wasu kaya da ba su da alaƙa da shinkafa. Akwai 'yan makonni na rangwame da za a iya fanso shi, wani lokaci da tara. Bayan nan kowa a duniya yana iya sayen sunan, alhali yana nan rubuce a jikin buhu dubu.

Maganin bai kai ciwon tsada ba. Imel ɗin da za a yi rajista da shi ya zama na mai kasuwa, da lambar wayarsa, ko da ɗansa ne zai riƙa karanta masa. Adireshi mai ƙarewa da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen intanet na Najeriya, kuma ana biyan dillalanta da naira. Na .com kuwa tushen farashinsa dala ce. Wanda ya yi shafi lokacin da dala ke wajen naira 460 a hukumance, kafin a saki darajar naira a watan Yunin 2023, ya ji a jikinsa da ta haura 1,500 a 2024. Sau da yawa idan mai aikin ya dawo ya ce kuɗin sabuntawa ya ninka, gaskiya yake faɗa. Laifinsa shi ne bai faɗi tun ranar ciniki cewa akwai sabuntawar ba, don kada Alhaji ya fasa.

Doka ma ba ta tare da mai sakaci. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da ake karewa, haƙƙin kuma yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙira, kuma ba ya komawa ga wani sai a rubuce. Ma'ana, mai makarantar kuɗi da ya biya aka yi masa manhajar fitar da sakamakon ɗalibai, in babu takarda, ba lallai ne ya iya tilasta a ba shi ainihin rubutun manhajar ya kai wa wani ya gyara ba. Mu da ba ma sayar da akuya sai da shaida, muna ba da kafin alƙalami na ɗaruruwan dubbai a kan "kada ka damu, Alhaji, ai ni ɗanka ne". Takarda ɗaya ta isa, da Hausa ma: me za a yi, yaushe za a gama, nawa ne kuɗin shekara, wa zai gyara idan ya lalace, sannan adireshi da ma'ajiya da rubutun duk na mai kasuwa ne.

Kafin duk wannan, akwai tambayar da mai neman aiki ba zai yi maka ba: kana ma bukatar shafin? Mai sayar da taki da maganin feshi wanda abokan cinikinsa manoman Rurum da Bunkure ne, WhatsApp Business, wanda ke nan kyauta tun 2018 kuma yana da wurin jera hotunan kaya da farashi, ya fi masa amfani. Shafi na wanda ke neman baƙon mai saye ne, ɗan kasuwar Dawanau ko na Legas da zai so ya ga rajistar kasuwanci ta CAC da adireshi tabbatacce kafin ya tura kuɗin tirela guda. Manhajar waya kuwa, wadda kowa ke kwaɗayi don ta fi daɗin faɗa a majalisa, ita ce mafi tsada da wahalar riƙo. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin ka buɗe asusun saka manhaja, Apple dala 99 duk shekara, kuma wayoyi na canjawa, dole a yi ta gyara. Wane manomi ne zai goge hotunan bikin 'yarsa don ya sami wurin sauke manhajar shago ɗaya?

A yi wa samarin adalci su ma. Da yawansu sun iya aikin, abin da ke karya su shi ne halinmu. A yi ciniki a kan shafi mai fuska biyar, gobe a ce "ƙara min wurin biyan kuɗi", jibi "sa min hoton Hajiya da kayan ɗinkinta", cikon kuɗi kuma sai bayan girbi. Biya kashi-kashi ya fi wa kowa: wani abu a farko, wani idan an ga aikin yana tafiya, sauran ranar miƙa mukulli. Hukumomin da ke alfahari da yawan waɗanda suka horar, da sun ware ko yini guda don koya musu rubuta yarjejeniya, da rabin rigimar ba ta taso ba. Mai makaranta kuma ya sani, tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane, kuma sunayen ɗalibai da lambobin iyaye da ya tara, shi za a fara tambaya idan suka fita, ba yaron da ya yi manhajar ba.

Ranar biyan cikon, kada a karɓi aiki a kan laftof ɗin mai aikin cikin ofis mai sabis mai ƙarfi. A buɗe shafin a ƙaramar waya, da data ta yau da kullum, a cikin Kibiya, a ga ko hotunan za su fito kafin haƙuri ya ƙare. Sannan mai kasuwa ya shiga asusun adireshin da na ma'ajiyar da hannunsa, ya canja kalmar sirri a gaban mai aikin, ya rubuta ranar sabuntawa a littafin da yake rubuta bashi.